Aljihunan Kawu Barmu

Kawu Barmu ya yi shekara talatin da ɗaya
yana raba wasiƙu a gidan waya na Damagaram,
kowace unguwa da raminta a jikin katako:
Birni nan, Zango can, Garin Malam a ƙasa, daidai gwiwa.
Da ya ajiye aiki aka buɗe masa imel.
Ya duba, ya ce, "Wannan ai kasuwar Dole ce ran Alhamis.
Ina aljihun da zan sa hannu?"

Na ce zan ƙera masa.

Dare goma sha tara, kwamfuta bisa tabarma,
fanka na mutuwa tana farfaɗowa yadda wuta ta ga dama,
ina koya wa na'ura ƙarya mai amfani:
in an tambaye ki me ke cikin jakar nan,
kada ki ce babu.
Ruga ki tambayo uwar garke a bayan teku,
ki dawo ki jera sunaye,
kowace wasiƙa fayil, da ranarta, da nauyinta,
kamar tun bara suke kwance a nan.

Suna kawai. Cikin yana can.
Kamar tulunan gidanmu da asuba, a jere, baki buɗe,
ruwa sai mai garuwa ya iso.
Wanda aka taɓa shi ake ɗebo wa,
abin da aka ɗebo in juye a randa
don ranar da rezo zai hau duwatsu ya ƙi saukowa.

Wasiƙa arba'in sunansu "Gaisuwa",
jaka kuwa ba ta riƙe takwarori;
na ɗaura wa kowace lamba a wutsiya.
Na hana gogewa, don hannun Kawu yana rawa,
kuma abin da aka share a nan, can ma ya tafi.

Ranar gwaji ya zo da tabarau da hular Juma'a.
Ya danna. Aljihuna suka buɗe.
Ya yi dariya, ya buga cinya,
ya bi jerin da yatsa kamar mai ƙirga awaki.
Sai yatsan ya tsaya.
"Ta Zinaru fa? Baƙa ce da, mai kauri.
Ga ta ta koɗe kamar sauran."

Zinaru ƴarsa ce.
Ta rubuto daga Arlit daren Talata,
Laraba motar ta kife kafin Agadas.
Shekara huɗu bai buɗe ba.
Wai muddin tana rufe, yarinyar ba ta gama magana ba.

Ban karanta ba. Bai karanta ba.
Na'urar ce da karambaninta ta leƙa kowane fayil
don ta san irinsa,
uwar garke kuwa ba ta raba leƙe da karatu:
an taɓa, ta buga hatimi.
Akwai kalmar da ke cewa duba kawai, kar ki bar sawu.
Kalma ɗaya. Na manta ta a layi na ɗari biyu da shida.

Na ce, "Kawu, minti guda, in mayar da ita baƙa."
Ya riƙe mini hannu.
"Ambulan da aka buɗe da tururi aka sake liƙewa,
ko a duhu na san shi.
Mun taɓa korar mutum a kan haka."

Na so in ce rezo ba kyau yau, a bari sai gobe.
Amma tun safe an ɗebo ta. Tana randa.

Ya ce in kashe fanka.
Ya ce in fita, in ja ƙofa.

Na zauna a dakali.
Mai garuwa ya zo, ya aje kaya, ya tambayi tulu nawa.
Na ce ya dakata tukuna,
akwai mai magana a ciki.